Ranar da Aka Goge Fuskar Malam Lawai

Ranar da muka zauna a zauren Alhaji Rabe da kwamfuta a kan tabarma ba ta fita daga raina ba, ban kuma sa ran za ta fita. Ku da kuka shigo sana'ar nan a bayanmu kun sha tambayata abin da ya sa nake ɓata rai duk sanda aka ce a fara ɗaukar fim da fitowar mutuwa. Da baki ba na iya ba ku amsa. Yanzu da ajin yaƙi da jahilci ya buɗe min hannu, bari in rubuta, ko da a hankali ne.

Sunana Sada, a wurin aiki kuma Mai Zare ake kirana. Saboda wanda bai san harkar ba, ga yadda muke: furodusa shi ne mai kuɗi, darakta shi ne mai ba da umarni a lokeshan, wato wurin da ake ɗauka. Akwai mai kyamara, akwai edita mai haɗa hotuna a kwamfuta. Ni nawa shi ne kayan wasa da dabaru. In ana so ƙofa ta buɗe ba kowa, ko buta ta tashi sama, ni ake kira in zo da zaren kamun kifi, wanda kyamara ba ta cika kama shi ba. Fim kuma gunduwa-gunduwa ake ɗaukarsa, kowane gundu muna ce masa fitowa, ba kuma a jere ake ɗauka ba. Abin da wuri da lokaci suka ba da dama shi ake fara yi.

Darakta Mannir ne ya kawo labarin. Tun yana sakandare ya karanta wani tsohon littafin Turawa, na wani masanin kimiyya da ya haɗa magani ya sha, jikinsa ya daina ganuwa. Ya ce Turawa sun sha mayar da littafin fim, shi ma yana so ya yi namu na Hausa. Ya tara mu a ofis ya nuna mana biyu daga ciki, ɗaya mai baƙi da fari wanda ya girmi iyayenmu, ɗaya na zamanin nan. Ni ban damu da Turancin ba. Kujera nake kallo yadda take ja da baya, ina neman inda suka ɓoye zarensu.

A bayana Malam Lawai yake zaune. Dattijo ne ɗan unguwarmu ta Gobarau, ya fara wasan kwaikwayo tun ana yi a dandamali. Duk tsawon shekarun nan ba a taɓa ba shi jarumi ba. Shi ne mai gadi, shi ne mai unguwar da zai ce a yi haƙuri, shi ne baƙon da ke cikin 'yan gaisuwa. Da aka gama kallon sai ya ce, "Darakta, ai wanga layar zana ce ta Turawa."

Mannir ya ce, "A'a, Baba. Mai layar zana in ya gama abin da ya kai shi sai ya cire ya koma gida ya ci tuwo. Wannan ba ya iya cirewa. Yana nan, yana jin yunwa, yana jin sanyi, ba mai ganinsa. Sai ya mutu sannan jikinsa ke bayyana, mutanen da suka yi ta farautarsa su ga ashe mutum ne kamarsu."

Malam Lawai ya ce, "Allah Sarki."

"Kai nake so ka fito a matsayinsa, Baba."

Duk muka juya. Malam Lawai ya cire hula ya mayar. Da aka yi masa bayanin cewa jarumin a naɗe yake da bandeji tun daga wuya har ƙoƙon kai, ga baƙin tabarau, ga safar hannu, sai ya fashe da dariya. Ya ce, "Ku ji min ikon Allah! Tun ina da baƙin gashi nake jiran a ba ni jarumi, ran da aka ba ni sai aka ce a naɗe min fuska. Mannir, ko dai munina ne ka duba?"

Mannir ya ce fuskar za ta fito, sau ɗaya, a ƙarshe, kuma ita ce fitowar da duk fim ɗin ya rataya a kanta. Malam Lawai ya ce, "To ka riƙe min wagga guda ɗaya. Ita ce rabona."

Ita muka fara ɗauka. Dalili kuwa, tsohon gidan ƙasar da aka ara mana wajen Ƙofar Guga, mai shi ya riga ya yi ciniki da masu gina shaguna, ya ce mu yi sauri kafin a kawo masu rushewa. Bazara ce, bayan ƙaramar Sallah. Dabarar mai sauƙi ce amma tana son haƙuri. A kafe kyamara a hana ta motsi, a ɗauki ƙasa ba kowa, sannan ɗan wasa ya kwanta daidai wurin a sake ɗauka. Edita ne zai narkar da hoton farko cikin na biyu, sai a ga mutum yana fitowa kaɗan-kaɗan kamar hoto a cikin ruwa.

Mannir ya ƙara wani abu da ba ya cikin na Turawa. Ya ce a namu, in gawar ta bayyana, waɗanda suka kashe shi su ne za su yi masa abin da ake yi wa mamacin Musulmi. Yana son hannun da ya san aikin. Kowa a wurin ya san ina cikin masu wankan gawa a unguwarmu, don haka ni aka ce in sa hannu, ba za a nuna fuskata ba. Na juya Malam Lawai ya fuskanci alƙibla, na shafe masa idanu, na miƙar masa da hannuwa, na ɗaure masa haɓa da farin ƙyalle. Na yi yadda na saba yi, don ban san wata hanyar ba. Ya ɗauke numfashi. Tsakar gidan ta yi tsit, har wata mata da ke leƙe ta katanga ta fara salati. Sannan Mannir ya ce a tsaya.

Daga nan muka shiga sauran aikin. Kullum ni nake naɗe shi da safe, in kwance shi da yamma, bandejin jiƙe sharkaf da zufa. Bai taɓa ƙorafi ba, sai dai ya ce in bar masa ƙofar goro. Mun ci kusan rabin fim ɗin. Wata rana muka yini a wata gona a Batagarawa, muka dawo, na sauke shi a ƙofar gida a kan babur ɗina. Washegari bayan sallar asuba ya yanke jiki ya faɗi. An kai shi asibiti, aka ce hawan jini ne. Kafin azahar ya cika.

Ni na yi masa wanka. Ba zan yi dogon bayani a kan wannan ba.

A wurin zaman makoki ne maganar ta fita. 'Yan wasanmu ba da mugun nufi ba suka riƙa cewa, "Ikon Allah, kamar ya sani, haka ya kwanta a Ƙofar Guga." Kafin sadakar bakwai duk Gobarau ta ji cewa akwai hoton Malam Lawai kwance da ɗaurin haɓa, kuma Sada ne ya ɗaure. Wasu suka ce mun kira masa mutuwa. Wasu samari har suka fara tambayata ko zan tura musu a waya.

Alhaji Rabe yayan marigayin ne, shi ne babba a gidan. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, mai karatun addini, ba ya ɗaga murya. Ya aika a kira darakta, ya ce in zo tare da shi. Muka je da hantsi. Bayan doguwar gaisuwa da addu'a ga mamaci, ya ce, "Malam Mannir, ni ban yarda da zancen mutane ba. Ajali ba fim ke kawo shi ba. Amma ina so in ga abin da idona."

Mannir ya buɗe kwamfuta. Kafin ya kunna sai aka yi sallama daga ƙofar cikin gida. Hajiya Binta ce, matar marigayin, tana cikin takaba. Daga bayan labule ta ce, "Yaya, ni ma ina so in gani."

Alhaji ya ce, "Binta, ba abin kallonki ba ne."

"Ban taɓa roƙonka komai ba, Yaya."

Alhaji ya yi wa Mannir alama. Aka karkata kwamfutar yadda za a iya hangowa daga ƙofar, aka ɗan ɗaga gefen labulen.

Edita ya riga ya haɗa wurin, amma bai datse ƙarshensa ba. Muka ga ƙasar tsakar gidan. Sai yatsu suka fara fitowa, sai kafaɗa, sai furfurar gemu. Sai ga Malam Lawai gaba ɗaya. Sai hannuwana suka shigo. Na sunkuyar da kai, don abin da nake gani na yi shi sau biyu, kuma ba wani bambanci.

Aka ji muryar Mannir a cikin hoton yana cewa a tsaya. Ashe mai kyamara bai kashe ba, ni kaina na manta da abin da ya biyo baya. Malam Lawai ya buɗe ido ɗaya, ya sa hannu ya zame ƙyallen, ya ce, "Kai Sada, wanga ɗauri naka kamar na buhun gero! In na mutu don Allah kar a bari ka zo kusa da ni." Aka ji duk lokeshan ya ɗauki dariya, shi ma yana yi, haƙoransa jajaye da goro, yana miƙo hannu a ɗaga shi. A nan hoton ya ƙare.

Bayan labule Hajiya Binta ta yi dariya, gajeriya, irin wadda ke kuɓuce wa mutum. Daga nan sai kuka.

Mannir ya tattara ƙarfinsa ya yi magana. Ya ce wannan fitowar ita kaɗai ce fuskar marigayin a fim ɗin, gidan da aka ɗauke ta an rushe, shi kuma marigayin da bakinsa ya ce a riƙe masa ita. Ya ce, "Ga Sada nan, a gabansa aka yi."

Alhaji ya dube ni. Na ce, "Haka ne, Alhaji. Ya ce ita ce rabonsa."

Alhaji ya ce, "Na yarda ya faɗa. Lokacin yana da rai, wasa ne. Yanzu ba wasa ba ne. Kai Sada kai ke wanka, mi ya sa ake rufe ƙofa in ana yi? Mi ya sa ba a faɗin abin da aka gani? Mamaci sutura yake so. In wanga abu ya fita, gobe wani yaro zai yanko shi ya sa masa kiɗa, ko ya rubuta cewa ga gawar Lawai. Jikokinsa za su gani a wayar abokansu. Kuna iya hanawa?"

Ba mu iya ba, kuma mun sani. Abin da ya fi ci min rai ke nan, da Alhaji mugun mutum ne da na samu wanda zan ji haushi.

Hajiya Binta ta ce, "To Yaya, a bar min na ƙarshen nan kawai, inda yake dariya. Ba ni da wani hoton nasa mai motsi wanda ba wasa yake yi a ciki ba. Ba zan nuna wa kowa ba."

"Yana kwance a ƙasa, ƙyallen na wuyansa, yana ambaton mutuwarsa. Binta, abin da ya shiga waya ya bar hannun mai shi. Ki yi haƙuri. Ki yi masa addu'a, ita yake buƙata."

Labulen ya sauka.

Alhaji ya sa Mannir ya rantse cewa ba zai bar ko ɗaya ba. Aka goge na kwamfutar a nan zauren. Sannan ya ce, "Sada, kai na sani. Ka bi shi ka ga an goge sauran, ka dawo ka gaya min." Muka tafi ofis. Edita ya buɗo ma'ajiyar hotunan, ya sa hannu, ya tsaya. Ya ce a hankali, "Darakta, ko in ware na dariyar?" Mannir ya ce, "Na rantse." Edita ya danna. Ba a ɗauki lokacin shan kofin ruwa ba. Na koma na gaya wa Alhaji an yi, ya sa min albarka.

Furodusa ya ce fim dole a ƙarasa shi, an riga an kashe abin da aka kashe. Aka duba aka ga tsayina da faɗin kafaɗata ɗaya da na marigayin. Mutum a naɗe kuwa wa zai gane? Haka na koma ina zama a kujerar da nake zaunar da shi, wani yana naɗe ni da bandejin da na wanke da hannuna. Mannir ba ya son a ga bambanci tsakanin fitowa da fitowa, sai ya zaunar da ni gaban kwamfuta ina kallon waɗanda aka ɗauka a baya. Malam Lawai yana ɗan jan ƙafar hagu, in zai juya kuma kafaɗa yake fara juyawa kafin kai. Na yi ta maimaitawa a tsakar gidana har matata ta ce in daina, tsoro nake ba ta. Na koya, na kuma iya.

Sai matsalar murya. Jarumi ɗaya ba zai yi magana da murya biyu ba, tawa kuma ba ta kama da tasa. Aka ɗauko wani ɗan wasa ya sake faɗin maganganun fim ɗin tun daga farko, aka ɗora a kan nawa da na marigayin duka. Ranar da edita ya cire muryar Malam Lawai ban je ofis ba. Wasu fitowar tasa ma an zubar da su, don gidajen da aka fara ɗauka a ciki ba su sake samuwa ba, sai aka sake su da ni a wani wuri. Abin da ya rage nasa a fim ɗin bai taka kara ya karya ba.

Ƙarshen kuma aka canja. A namu mutumin ya mutu bai bayyana ba. Mutane suka lalubo shi a ƙasa suka lulluɓa zane, ni ne a ƙarƙashin zanen. Mannir ya ce wannan ya kashe ma'anar littafin, don a can mutuwa ce ke mayar wa mutumin da fuskarsa. Da aka saki fim ɗin a intanet 'yan kallo suka yi ta cewa an cuce su, sun zauna tun farko ba a nuna musu jarumi ba. Bai yi kasuwa ba. Mannir bai sake ba da umarni ba, yanzu kayan waya yake sayarwa.

Bayan Hajiya Binta ta fita takaba sai ta aiko ɗiyarta ta kira ni. Na same su a zaure, ɗiyar ta sauko mata da fim ɗin a waya. Muka gaisa, ta tambayi iyali, ta yi min godiyar wanka. Sannan ta ce, "Malam Sada, an gaya min wasu wuraren kai ne, wasu shi ne. Na kalla ya fi a ƙirga. Muryar ba tasa ba ce, na haƙura da ita. Amma na samo shi."

Ta karɓi wayar ta matsar da hoton da yatsa, ta saba da wurin. Fitowa ce da jarumin yake tafiya shi kaɗai a wani lungu da yamma, ya kai ƙarshen lungun, ya tsaya, ya juyo.

Ta ce, "Ga shi nan. Dubi ƙafar. Dubi yadda yake juyowa. Haka yake yi in na kira shi ya manta hula. Wanga ko cikin mutum dubu na gane shi."

Wannan lungun bayan rasuwarsa muka ɗauke shi. Na tuna ranar, don sai da Mannir ya sa na maimaita juyowar har ya gamsu.

Tana kallona tana jira. Ɗiyar ma tana kallona. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah Ya jiƙansa, Hajiya." Ta ce amin, ta rungume wayar a ƙirji.

To kun ji dalili. In kuna da iko a lokeshan, kada ku fara da kwantar da mutum. Ku fara ɗaukarsa a tsaye, fuska a buɗe, yana magana da muryarsa, ko da labarin bai nema ba, ku tura masa ya kai wa iyalinsa a ranar. Mu 'yan wannan sana'a muna ganin kamar abin da kyamara ta kama ya tsira. Bai tsira ba. Yatsa ɗaya ke share shi, kuma sau da yawa mai sharewar yana da gaskiya. Abin da kawai muka ƙware a kai shi ne sa ido ya yarda da abin da babu, ni kuwa ban taɓa yin aikin da ya yi kyau kamar na lungun nan ba. An yabe ni a kan zare, an yabe ni a kan ƙofa mai buɗe kanta. Wannan ba wanda zai yabe ni a kansa, ba na kuma so.

Ɗiyar ta gaya min ta yanko mata wurin ta ajiye shi daban, don kada ta riƙa wahalar nema. Ta ce har yanzu in Hajiya ta idar da sallar la'asar takan kunna, ta ga ya juyo, ta mayar baya. In na bi ta ƙofar gidan nakan daidaita ƙafata sosai, don tun daga fim ɗin nan ta hagun takan so ta ja.